Idan na san zan koma, zuwa furta zunubi ba raina wa Allah hankali ba ne?

Tela ɗan Malumfashi:
Salama gare ku, 'yan'uwa. Ni tela ne a cikin garin Katsina, da mata da yara uku. Cacar ƙwallo ta waya ce ta sha kaina. Da ɗari biyu na fara, don kallon wasa ya yi armashi. Yanzu ko kafin alƙalamin da mutum ya ba ni in sayo zare da maɓallai, da na ga wasannin Ingila sun jeru ranar Asabar sai in ce bari in juya shi, kafin Litinin na mayar. Kirsimetin da ya wuce kuɗin atamfar matata can ya tafi, na ce mata wani ne ya riƙe mini kuɗin ɗinki.

Na sha zuwa wurin Fada, firist ɗinmu, in furta zunubina. In fito da hawaye, in goge manhajar, kwana kaɗan in sake sauke ta. Har na fara jin da na buɗe baki ya gane muryata, sai na ɗauke ƙafa. Tun Ista ban karɓi Jibin Ubangiji ba. Ina zuwa Mas a katidiral ɗinmu na Martin de Porres, in zauna can bakin ƙofa, in an tashi layin karɓar Jibi in sunkuyar da kai kamar mai addu'a. Babbar 'yata ta tambaye ni dalili, na ce mata na ci abinci ne dab da shigowa.

An koya mana sai da niyyar dainawa tuba ke karɓuwa. To ni na san halina. Idan na durƙusa na ce ba zan ƙara ba, alhali zuciyata na cewa "za ka ƙara", ba sabon zunubi na ɗauka ba?

Tsohon Katikis:
Ɗana, ka haɗa abu biyu wuri ɗaya. Ikilisiya na neman abin da kake so a lokacin da ka durƙusa, ba ta ce ka yi mata annabcin Asabar mai zuwa ba. Wanda ya shiga yana shirya tikitin da zai buga in ya fito, shi ne mai wasa da Allah. Wanda ya shiga yana ƙin abin, yana kuma tsoron raunin kansa, tubarsa ta gaskiya ce. Kai ɗan manoma ne: akwai wanda ya fasa noman firi don ya san sai ya dawo ya yi maimai?

Ka buɗe Matiyu 27. Yahuda da ya ci amanar Yesu ma ya yi nadama, ya ce ya yi zunubi, har ya watsar da azurfa talatin ɗin a Haikali. Abin da ya rasa shi ne komawa wurin Yesu. Bitrus kuwa, wanda ya cika baki a wurin jibi ya kuma yi musu sau uku kafin zakara ya yi cara, da aka ce masa Ubangiji ne a bakin teku sai ya faɗa ruwa don ya riga kowa isa. A Yohanna 21 Yesu bai ce ya kawo shaidar ba zai ƙara ba. "Kana ƙaunata?" kawai ya tambaye shi. Paparoma Francis ya faɗa a Maris 2013, kwana kaɗan da zaɓensa, cewa Allah ba ya gajiya da gafartawa, mu ne muke gajiya da roƙo.

Maganar Fada ya gane muryarka, to sai me? Abin da ya ji a can ba ya fita ko da wuƙa a wuyansa, wanda ya tona kuwa ya fitar da kansa daga tarayyar Ikilisiya nan take. In kunyar ta yi yawa, je wurin wani Fada, ba laifi ba ne. Ni dai da ka tsaya wurin mutum ɗaya da ya san ciwon.

Maman Tagwaye:
Baba Katikis, duk abin da kuka faɗa haka yake, amma ku bar ni in yi magana da bakin matar nan. Ƙanena, jinƙan Allah ba shi zai saya mata atamfa ba. Katikizim, littafin koyarwar Ikilisiyar Katolika, a sakin layi na 2413 bai ce kowace caca zunubi ce ba, ya ce tana zama laifi idan ta hana mutum abin biyan bukatarsa da ta waɗanda ke wuyansa, kuma son ta kan mayar da mutum bawa. Kai ka riga ka kai nan. Zakka da Yesu ya shiga gidansa, ai lissafin abin da zai mayar wa mutane ya fara yi. A Zumuntar Mata muna jin irin wannan, kuma abin da ya fi ƙona wa mace rai shi ne ta ji a bakin masu bin bashi. Ka zaunar da ita ka faɗa mata da kanka. Katin banki ya koma hannunta. Yarinyar nan kuma kada ka ƙara yi mata ƙarya a cikin coci, ce mata Baba yana shirin zuwa wurin Fada, ya isa.

Malamin Firamare, Daura:
Ɗan'uwa, ka nemi tarihin Matt Talbot, lebura a birnin Dablin na ƙasar Ayalan. Tun yana ɗan shekara 12 ya fara shan giya, har ya taɓa sace gogen wani mai kiɗa a titi ya sayar ya sha. A 1884, yana da shekara 28, ya je ya furta zunubinsa ya ɗauki alkawarin barin giya, amma na wata uku kawai, don iyakar abin da yake ganin zai iya ke nan. Daga nan ya riƙa ƙarawa har ya rasu a 1925 bai koma ba. Ya bi masu binsa bashi ya biya, mai gogen ne bai samu ba, sai ya ba da kuɗin a yi masa Mas. Kai ma ɗauki Asabar ɗaya tukuna. Da ƙarfe uku na rana, lokacin addu'ar Jinƙan Allah da muka samu ta wurin Waliyiya Faustina, ajiye wayar a aljihun keken ɗinki ka ce "Yesu, na dogara gare ka". Dama wajen lokacin ne wasannin ke kamawa.

Tela ɗan Malumfashi:
Na gode, Allah ya saka. Baba Katikis, zan je Asabar ɗin nan kafin a take wasa. Yaya Maman Tagwaye, taku ce ta fi yi mini nauyi, don gaskiya fuskar Fada ta fi mini sauƙi a kan ta uwar 'ya'yana. Wanne zan fara?

Maman Tagwaye:
Fara da Fada, ka faɗa masa har da ƙaryar atamfar. Daga coci kada ka biya shago, wuce gida kai tsaye. Ka kuma rubuto sunayen waɗanda ka ci kafin alƙalaminsu, don sai ta tambaye ka nawa ne.