Babur mai nozul ya ƙi tashi bayan sati uku a ajiye: sitata na juyawa, inji shiru

Ɗan Kawo

Assalamu alaikum jama'a. Masu ilimin babur ku taimaka min don Allah, abin ya fi ƙarfina.

Babur ɗina ɗan Japan ne, na hannu, silinda ɗaya mai cc 250. Ba shi da kafireta, irin mai nozul ne (abin da ke fesa wa injin mai) da birenbos (kwamfutar da ke sarrafa injin). Na saye shi ne bayan cire tallafin mai a 2023, lokacin da motata ta koma ta zuwa ɗaurin aure kawai. Tun daga ranar bai taɓa ba ni kunya ba, ko da asubar hunturu taɓawa ɗaya yake tashi, ba cok ba komai.

A watan Agusta aiki ya kai ni Abuja na yi sati uku. Na bar shi a tsakar gida jikin katanga, na rufa masa tsohuwar tamfol. Da na dawo sai na tarar da tamfol ɗin can gindin mangwaro, iska ta yar da ita, yara kuwa kowa ya ce bai gani ba. Na murɗa makulli, fitilu suka kawo. Na danna sitata, yana ta juyawa, amma ko tari injin bai yi ba.

Na tura shi wurin makaniken unguwarmu. Mutumin kirki ne, ya tsufa a gyaran Boxer da Jincheng, in ka ba shi kafireta ido rufe zai kwance ta ya mayar. Sai da ya zagaya babur ɗin sau biyu yana neman makunnin mai a ƙarƙashin tanki kafin ya yarda babu. Ya sa sabon fulogi, shiru. Daga nan ya cire matatar iska ya ɗiga fetur a maƙogwaron injin, sai ga shi ya tashi, ya yi kamar daƙiƙa biyu ya mutu. Sau uku ana haka. Ƙarshe ya goge hannu ya ce birenbos ne ya ƙone, sai an aiko daga Legas ko Nnewi. Kuɗin da ya ambata kuwa sai da na nemi benci na zauna.

Hankalina bai kwanta da maganar ba. Daga ina ya kamata in fara kafin in zubar da kuɗi?

Rewaya Sabon Gari

Wa alaikumus salam Malam. Kada ka sayi komai tukuna. Makaniken naka ya riga ya yi maka rabin binciken bai sani ba. Birenbos shi ke ba kwayil, wato abin da ke aika wuta zuwa fulogi, umarnin sakin wuta. Tunda da aka ɗiga fetur injin ya tashi, to wuta na zuwa fulogi kuma a kan lokacinta. Mai ne ba ya isa ciki, ko kuma abin da ke isa ba mai ba ne.

Ka samu wuri shiru, ka kara kunne a jikin tanki, ka murɗa makulli ba tare da ka danna sitata ba. Ya kamata ka ji famfon da ke cikin tankin ya yi "ziiii" na daƙiƙa biyu zuwa uku ya tsaya. Wannan shi ne gaisuwar farko a irin waɗannan babura. In ba ka ji ba, duba jan makunnin kashe injin nan na hannun dama, sannan fis ɗin famfo, sannan rile ɗinsa, wato makunnin da ke ba shi wuta. Akwai kuma ɗan abin da ke yanke mai in babur ya faɗi. In yara sun kayar da babur ɗin sun tayar, kashe makulli ka sake kunnawa yakan wadatar, sai dai in ɗan abin ya goce daga mazauninsa.

Ka sa mita a batir. A huce ya kamata ya nuna wajen volt 12.6. Ka danna sitata kana kallon mitar, in ya faɗo ƙasa da 10 batirin ya gaji. Babur mai kafireta ba ruwansa, ka buga kik ka tafi. Wannan kuwa famfo da nozul da birenbos duk a batir suke cin abinci.

Fitilar gargaɗin injin fa, tana kawowa ta ɗauke ko tana ƙiftawa? A Honda doguwar ƙiftawa goma ce, gajeriya ɗaya, sai ka haɗa ka samu lambar matsalar. Yamaha lamba take nunawa, misali 30 na nufin babur ya faɗi. Suzuki kuma nasu da C yake farawa.

Sannan ka ce wa makaniken ya daina ɗiga fetur ɗin nan. In injin ya yi tari baya, wuta ce za ta fito ta wajen, kuma gemunsa ne a kusa.

Tsohon Ɗan Acaɓa

Oga ku tura shi mana, a sa giya ta biyu a saki kuloci. Ni shekara tara ina kabu-kabu ban taɓa ganin mashin ɗin da ya ƙi turi ba. Wannan ne ma ya sa ba na son mashin mai kwamfuta.

Ɗan Kawo

Ɗan'uwa ai mun tura. Ni da almajirai biyu muka kai shi har bakin titi muka dawo, ba abin da muka samu sai haki da kuɗin kokon da na biya su.

Oga Rewaya na gode ƙwarai. Bayan isha'i da unguwa ta yi tsit na gwada. Famfon yana kuka, amma ba irin kukan da na saba ji ba, yana ja kamar mai mura. Fitilar injin tana kawowa ta ɗauke yadda ta saba, ba ƙiftawa. Na aro mita wurin mai gyaran janareta: batir 12.1 a huce, in na danna sitata ya sauko 9.8. Na kai caji ya kwana, da safe na ɗaura, juyawar ta ƙara ƙarfi sosai amma har yanzu bai tashi ba. Abu ɗaya da na lura, da na cire sabon fulogin bakinsa a jiƙe yake, amma da na shinshina warin fetur ɗin kaɗan ne.

Baba Mai Gareji

Yaro, wannan maganar taka ta ƙarshe ita ce maganar. Fulogi a jiƙe ba wari, babur ya sha ruwan Agusta sati uku a waje. Ruwa ne a tankinka.

Ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasa yake kwanciya, famfo kuma daga ƙasan yake zuƙa. Fitila ba za ta gaya maka ba, don birenbos ɗin ƙananan baburan nan bai san abin da ke cikin tiyo ba. Shi dai ya buɗe nozul, ko mai ne ko kunu ba ruwansa.

Ka sa siririn tiyo har gindin tankin ka zuƙo a farar kwalba, ka ajiye minti biyar ka duba. Kada ka zuƙa da baki. In za ka cire tiyon da ke zuwa nozul, ka sani man ciki a matse yake, zai yi maka feshi a ido. Ka cire soket ɗin famfo, ka ɗan juya injin, ka naɗe mahaɗar da tsumma sannan ka zare. Kuma a yi nesa da masu shayi da masu taba.

Ka buɗe murfin tanki ka duba gefen bakin, za ka ga ɗan rami. Magudanar ruwan sama ce, tiyonta na sauka ƙarƙashin babur. In ta toshe, ruwan ya taru a nan ya bi ta robar murfi ya shiga.

Nawa ne man da ka bari a ciki da za ka tafi? Tun da mai ya yi tsada kowa lita ɗaya lita biyu yake sha, tanki kullum a bushe, tsatsa na cin cikinsa. Famfon nan kuwa man da yake ciki shi ke sanyaya shi. A 2022 da gurɓataccen man nan mai methanol ya shigo ƙasar, famfuna nawa muka cire a garejin nan, Allah kaɗai ya sani.

Ɗan Kawo

Baba, Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri. Wallahi kamar kana tsakar gidan.

Man da na bari bai kai lita biyu ba, shi ma na bumburutu ne da na saya a galan ranar da zan tafi. Da na zuƙo a kwalbar lemo, ko minti biyu ba a yi ba ya rabu gida biyu: sama fetur, ƙasa wani jan ruwa kamar an wanke tukunya, ya kai faɗin yatsu uku. Na bi tiyon magudanar har ƙasa, sai na ga bakinsa a liƙe da jar ƙasa. Zanzaro ne ya yi gini a ciki. Da na zura wayar birki na tsokale, har da matacciyar tsutsa ta faɗo.

Na koma wurin makaniken namu da kwalbar a hannu. Ya ɗaga ta ya kalli rana da ita, ya ce "ikon Allah", bai ƙara ambaton birenbos ba. Shi ya sauke tankin muka juye, muka zaro famfon. 'Yar rariyar tace mai da ke gindinsa ta koma ruwan ƙasa, tsatsa ta liƙe ta kamar an shafa dawo. Muka wanke da fetur mai kyau da tsohon buroshin haƙori, muka ɗauraye tankin sau uku ya sha rana. Na zuba lita biyar daga gidan mai, na kunna makulli na kashe sau huɗu don tiyo ya cika, kukan famfon ya dawo siriri yadda na san shi. A dannawa ta uku ya kama, ya yi ta tari yana fitar da farin tururi ta salansa kusan minti ɗaya, sannan ya daidaita.

Saura abu biyu. In na ja totur da ƙarfi a giya ta huɗu yana ɗan shaƙewa kafin ya ɗauka. Kuma batirin da safen nan 12.2 ya nuna, alhali in injin na aiki mita na ba ni 14.1.

Rewaya Sabon Gari

14.1 lafiya lau ne, caji na shiga, batirin ne ba ya riƙewa. Canza shi kafin sanyi ya shigo. Shaƙewar kuma rariyar nan ce, wanki ba ya fitar da tsatsar da ta shige cikinta. Ka ɗauki tsohuwar a hannu ka je wurin masu kayan mota, sau da yawa ana dacewa da wadda bakinta ya yi daidai. In ka sa sabuwa bai daina ba, ka ciro nozul ɗin ka kai wa masu wanke na mota da inji, ka tsaya a kansu ka ga feshin da idonka.