Kifi na ta tashi a gabana amma ya ƙi taɓa ƙwarona, ina matsalar take?

Sabon_Masunci:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu kamun tarawut (kifin nan na ruwan sanyi) da ƙwaron bogi ku taimaka min, jiya saura kaɗan na karya sandar nan don haushi. Na yi wajen awa uku tsaye cikin ruwa, wani wuri ne da ruwan ya kwanta luf kamar madubi yana tafiya a hankali, kifi na ta tashi gaba da baya, wani ma bai fi taku biyar da ni ba, zobe-zobe kawai kake gani a saman ruwa ba ƙara ba fantsama. Da na sunkuya sai na ga wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ne baƙaƙe kamar sauro amma ba sa cizo. Na fara da ƙugiya lamba 14, na sauko 16, na canza kala har sau huɗu, tifet ɗina (zaren ƙarshe da ake ɗaura ƙugiya a kai) mai kaurin 4X ne, wlh ko kallo. Ɗaya ya taso har ƙarƙashin ƙwaron ya tsaya kamar yana karanta shi sannan ya juya abinsa. Me zan yi?

DattijonRafi:
Wa alaikumus salam yaro. Ka kwantar da hankalinka, duk wanda ya riƙe sandar nan an yi masa wannan wulaƙancin. Ƙwarin da ka gani su ake kira mij, dangin sauro ne marasa cizo, kuma su kusan duk shekara suna ƙyanƙyashewa, har cikin tsakiyar sanyi lokacin da sauran ƙwari suka ɗauke.

Amma tambaya ɗaya kafin komai, da kifin ya tashi me ka gani? Idan baki ya fito sama har ya bar ɗan kumfa a tsakiyar zoben, to wanda ya riga ya yi fiffike yake ci. Idan kuwa gadon bayansa ka gani sai jela ta biyo, ko ruwan ya ɗan yi tudu kawai babu kumfa, to ba a sama yake ci ba, a ƙarƙashin yanar ruwa yake ci. Shi mij yana fara rayuwa a tsutsa can cikin laka, sai ya shiga kwanso ya taso sama a hankali, in ya iso yanar nan ta saman ruwa ba ya iya huda ta nan take, musamman in ruwan ya kwanta ba iska, sai ya maƙale a nan yana rataye kai sama jela ƙasa. To kifi ba wawa ba ne, me zai kai shi bin mai fiffike da zai iya tashi alhali ga dubbai a rataye ba inda za su? Yadda ka kwatanta, ba ƙara ba fantsama, na fi zaton wannan ne ya same ka, kana ta ba shi abinci a kan rufi shi kuma yana ci a cikin ɗaki.

Lamba 16 ma ta yi girma. Ka nemi 20 zuwa 24 (ka san dai lamba na hawa ƙugiya na ƙanƙancewa). Ka ɗaura wani ƙwaro da idonka zai iya gani, daga lanƙwasar ƙugiyarsa ka ƙara zare kamar santimita 40 ka ɗaura Zebra Midge (ƙwaron bogi mai kama da mij na cikin kwanso) ko wani siriri irinsa, amma mara ɗan dutsen nan mai nauyi a kai don kar ya nutse da yawa. Na gaban shi ne idonka, in ya ɗan tsaya ko ya nutse ko ka ga zobe kusa da shi sai ka ɗaga sanda a hankali. A hankali fa, kar ka fizga.

Mai_Jifa:
Baba ya faɗi gaskiya amma ni da izininsa zan ƙara, ni a ganina ba girman ƙwaro ne babbar matsalarka ba, jan zare ne. Wancan da ya zo ya duba ya juya, na yi imani ƙwaron ya ɗan ja ne ya bar layi a bayansa, kai daga inda kake ba za ka gani ba amma shi daga ƙasa kamar jirgin ruwa yake ganinsa. Ƙwaro na gaske da gudun ruwa yake tafiya daidai, naka kuma zare mai kauri na riƙe da wuyansa. 4X a kan ƙaramar ƙugiya kamar ka ɗaure kaza da igiyar raƙumi ne, ka koma 6X da ya fi siranta, kaurinsa inci 0.005 ne, ka tsawaita lida (zaren da ke tsakanin babban zare da ƙwaro) ta kai ƙafa 12 ko fiye, tifet ɗin shi kaɗai ya kai ƙafa 3 don ya faɗi a lanƙwashe ba a miƙe ba.

Sannan ka daina jifa cikin taro, wannan kuskuren na daɗe ina yi, ka ga zobe nan ka jefa ka ga can ka jefa, ƙarshe duk ka kore su. Zaɓi guda ɗaya ka tsaya ka ƙirga, za ka ga yana da lokacinsa, ya tashi ya huta ya tashi. Kuma kifin da ya tsaya dab da saman ruwa ɗan wurin da yake gani a sama ƙarami ne ƙwarai, ba zai matsa ko taƙi ɗaya don ɗan wannan abin ba, dole ƙwaron ya bi ta kan hancinsa. Ni na fi son in tsaya ta sama da shi can gefe in jefa ƙasa da zare sako-sako, ƙwaron ya riga zaren isa wurinsa. Illar kawai in ka ɗaga da wuri za ka zare ƙugiyar daga bakinsa, ka bari kansa ya koma ƙasa tukun.

Uwar_Gashi:
Ni mai ɗaura ƙwari ce don haka ta nan zan shigo. Kar ka jefar da ƙwaron da ke yawo a saman ruwa gaba ɗaya ɗan uwa. Wani lokaci mij ɗin suna dunƙulewa su yi curi a kan ruwa wajen barbara, kuma kifi na son curin nan don loma ɗaya ta fi goma. Griffith's Gnat lamba 18 ko 20 shi ne maganin wannan, ba komai ba ne illa gashin ɗawisu a jiki da gashin wuyan zakara wake-wake a naɗe, sunan George Griffith yake ɗauke da shi, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Trout Unlimited, ƙungiyar kare kifin tarawut, a jihar Michigan ta Amurka a 1959. Shi ma zai yi maka aikin ƙwaron gaban da Baba ya ce. Na bayan kuma ni na fi son mai ɗan tukku na gashin agwagwa, wanda ake cirowa kusa da inda take matso mai a gindin jela, tukkun na sama jikin na rataye cikin yanar, sak abin da kifin ke nema. Kar dai ka shafa masa man hana nutsewa mai kauri, yana manne gashin.

Masu kamu a kogin San Juan na Amurka, ƙasan madatsar Navajo, har lamba 26 suke sauka da 7X, amma ni ban ba sabon hannu shawarar 7X, ko ya tsinke a ɗagawa ko ka daɗe kana wahalar da kifi har ya galabaice. In zafin ruwa ya kai digiri 20 na Celsius ma gara ka naɗe zarenka, ko ka sake shi ba lallai ya rayu ba.

Sabon_Masunci:
Baba wlh ba kumfa, baya da jela nake gani, yau na koma na tabbatar. Na yi ɗaurin biyu da 6X, na zaɓi guda ɗaya kamar yadda Mai_Jifa ya ce, a jifa na bakwai ko takwas ya ɗauki na bayan, ni kuma don zumuɗi na fizga zaren ya tsinke da ƙwarin duka biyu. Kifi na biyu ya zo hannu, ba babba ba ne amma ya zo. Anti yanzu matsalata zura 6X cikin idon lamba 22, na yi minti goma hannu na rawa don sanyi, akwai dabara ne ko tabarau zan nema?