Shawarwari kan tara kuɗin yaƙi da sankarar mafitsara ta maza (prostate)

A wata tattaunawa kan yadda za a tara kuɗin yaƙi da wannan cuta, abin da aka fi nanatawa shi ne amana. Tun farko a faɗa wa masu bayarwa ina kuɗinsu zai je, bincike ko wayar da kai, a buɗe asusu mai sa hannun mutum biyu, a kuma riƙa bayyana lissafi. Ni ma nan na fi karkata.

Wasu sun kawo misalin gangamin Movember, da ya faro a Ostareliya a 2003: maza su bar gashin baki duk watan Nuwamba, mai tambayar dalili a miƙa masa takardar gudummawa.

An kuma ce a gayyaci likita ya bayyana gwajin jini na PSA da ke taimakawa wajen gano cutar, musamman ga waɗanda suka haura shekara 50, domin cutar kan fara ba tare da wata alama ba.