Fita tara ban kama bas ko ɗaya ba, yarona ya fara cewa mu haƙura

Baban Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka san fatsa a nan Amurka ku taimake ni, abin nan ya fara hana ni barci.

Ni a cikin birnin Kano na tashi, iyakar sanina da kifi shi ne soyayye a faranti. Shekarata shida a Hiyustan, iyali kuma sun iso bara waccan. Aikin dare nake yi a wani ɗakin ajiyar kaya, in shiga ƙarfe goma in fito shida na safe. Babban ɗana shekararsa 11. Tun da ya zo ƙasar nan ya canza, yaron da a gida sai an ce ya yi shiru, yanzu daga makaranta sai ɗaki. Ka yi masa Hausa ya amsa da kalma ɗaya. Mahaifiyarsa har kuka ta yi a kan haka. A watan Mayu ya shigo da gudu ya nuna min hoton wani ɗan ajinsu riƙe da kifin da suke kira bas, ya ce "Abba, za ka kai ni?" Wallahi tun zuwansa wannan ne abu na farko da ya roƙe ni da bakinsa. Washegari ko barci ban yi ba na tafi kantin kayan fatsa. Yaron kantin ya haɗa min sanda, da injin naɗe zare irin wanda ke zama a saman sanda, da kifayen roba guda takwas, kusan duka masu dogon leɓe, kuɗi ya tasam ma dala 400. Ban ji ciwon kuɗin ba.

Yau fitarmu tara. Ko ɗaya. Kusan duk jifa sai zaren ya cukurkuɗe a cikin injin, in zauna ina tsince shi da tsinken sakace, yaro yana tsaye yana kallon ruwa. In jifar ta tafi daidai kuma ciyawa nake jawowa. Asabar da ta wuce da muka shiga mota ya ce "Abba ba komai, mu haƙura kawai." Maganar nan har yanzu tana ƙirjina. Nan da mako uku akwai ranar fatsa ta yara a unguwarmu, kuma ya riga ya sa sunansa. Wane kifin roba zan ƙaro? Ko kala ce ban dace da ita ba?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Allah ya shirya mana zuri'a, Baban Sadik. Ni ban san komai a kifi ba, amma tun da yaro yana binka har sau tara, kada ka ɗauka ba ka samu komai ba.

Alhajin Dalas:
Malam, ka ba mu labarin gida kaf, amma abin da mai fatsa zai tambaya ba ka faɗa ba. Wane ruwa? Ƙarfe nawa? Zurfin nawa? Wane zare? Duk da haka daga bayaninka na ga ciwon. Shekarata 19 ina wannan abu, na san shi.

Kada ka ƙara sayen komai mai leɓe. Leɓen nan shi ke nutsar da kifin robar, gwargwadon tsawonsa gwargwadon zurfin da zai kai. Masu dogon leɓe an yi su ne don mai jirgi da ke tsakiyar tafki, su sauka ƙafa 15 ko 20. Kai kana tsaye a gaɓa, ruwan gabanka wataƙila bai wuce ƙafa biyar ba, ga ƙugiya mai baki uku har biyu tana reto a cikinsa. Me zai kamo maka in ba ciyawa ba?

Abin da za ka saya bai kai dala 20 ba: leda ɗaya ta tanar roba mai inci 6 ko 7, kore mai duhu, ƙugiya mai lanƙwasa a wuya lamba 3/0, da dalma mai siffar harsashi ta kusan giram 5. Ka zura dalmar a zare, ka ɗaura ƙugiya, ka soka ta a kan tanar ka fito da ita, ka juyo ka binne tsininta a jikin robar. Ka shafa da yatsa, in ba ta karce ka ba to ciyawa ma ba za ta kama ba. Shi ake kira ɗaurin Teksas. Wani mutum Nick Creme ne ya fara zuba tanar roba a 1949, daga baya kamfaninsa ya dawo garin Tyler nan kusa da mu, kuma har gobe babu abin da ya kai ta kama bas daga gaɓa. Ka jefa gindin kututture ko bakin ciyawa, ka bari ta taɓa ƙasa, ka ɗaga kan sanda a hankali kamar tsawon hannu, ka sauke, ka naɗe ragowar zare, ka ƙirga biyar. Cizon ba fizga ba ne. Za ka ji ɗan "tak" kamar an taɓa zaren da farce, ko ka ga zaren yana tafiya gefe shi kaɗai. A nan za ka naɗe har ya miƙe, sannan ka ɗaga da ƙarfi.

Baban Sadik:
Na gode Alhaji. Wani kududdufi ne babba a bayan unguwarmu, muna zuwa bayan azahar, wajen ƙarfe biyu zuwa huɗu. Amma gaskiya ban jin leɓen ne matsala, don yaron kantin ya ce da irinsu ake cin gasa. Kuma na ga wani Bature a wurin ya kama da abu mai kama da nawa.

Alhajin Dalas:
Ƙarfe biyu na rana a watan Yuli a Hiyustan? Malam, ai ko ni ka kira a lokacin nan sai dai mu sha rana tare. Ruwan kududdufi yanzu ya haura digiri 30, ruwan zafi kuma ba ya riƙe iska sosai, kifi sai ya lafe a inuwa ko a rami mafi zurfi, ba ya bin komai da gudu. Bas ɗan kwanton ɓauna ne. Daga sallar asuba zuwa hantsi yake fitowa bakin gaɓa farauta, sai kuma dab da magariba. Ka ce kana tashi aiki ƙarfe shida. To daga wurin aiki ka ɗauko yaro ku wuce ruwa, barci ya jira. Baturen da ka gani kuma ka duba leɓen nasa, na tabbata gajere ne mai kusurwa huɗu, wanda ba ya wuce ƙafa uku zuwa biyar.

Basarke Ɗan Yawuri:
Ni dai duk na ji ana maganar roba sai raina ya ɓaci. Kakana da ubana a ruwa suka tsufa, daga Yawuri har Kainji, da mamari da birgi da taru suka ciyar da gida mai mutum talatin. Giwan ruwa da ya fi mutum nauyi an fito da shi a gabana. Babu wanda ya taɓa yaudarar kifi da leda. Ƙanena, ka tono tana ta gaske ko ka sayi ƙananan kifaye masu rai a kantin koto, ka soka a ƙugiya, ka sa ɗan abin da zai yi yawo a sama ya nuna maka cizo, ka zauna. Kifi ko na wace ƙasa ne ciki gare shi. Su masu kanti so suke ka yi ta zuwa, shi ya sa kala ɗari suke jerawa.

Abin da ya fi damuna ma yanzu ruwan namu ne. Bara da na je gida, yara da raga mai ido kamar gidan sauro suke kwashe 'ya'yan kifi, abin da a da Sarkin Ruwa ba zai bari ba. Tarwaɗar kirki sai ta gidan gona. Na tsaya a bakin ruwa har hawaye ya zo min.

Alhajin Dalas:
Basarke, ba na raina sana'ar iyaye, amma su daban, fatsar bas daban. Koto mai rai kifi haɗiye shi yake har ciki, kafin ka zaro ƙugiya ka kashe shi, alhali doka a yawancin ruwan Teksas ta ce wanda bai kai inci 14 ba a mayar da shi, kuma biyar ne iyaka a rana. A tafkin Fork inda nake zuwa, duk wanda ke tsakanin inci 16 da 24 ma dole ka sake shi.

Basarke Ɗan Yawuri:
To Alhaji, tun da ka ambaci tafkin Fork, bas mafi girma da aka taɓa kamawa a Teksas a nan aka kama shi a 1992, laba 18.18, sama da kilo 8. Da me Barry St. Clair ya kama shi? Da ɗan kifi mai rai, kuma ba ma bas ya fita nema ba. Sai ka faɗa wa jama'a wannan ma.

Injiniya Atalanta:
Duk kun bar babbar matsalar. Mutum ya ce zare yana cukurkuɗewa kusan duk jifa. Injin saman sanda, kan zaren da kansa ke juyawa, in ya fi abin da ka jefa gudu sai zare ya taru ya ƙulle, sai babban yatsa ya koyi tare shi, kuma hakan watanni yake ci. Yaro ɗan shekara 11 ina zai iya a mako uku? Ka sayi injin da ke rataye a ƙasan sanda, mai ɗan ƙarfen da ake buɗewa kafin jifa, da zaren nailan mai ɗaukar laba 8 ko 10. Koto kuma ni ban yarda da tanar Alhaji ga sabon shiga ba, don jin cizonta sai wanda hannunsa ya faɗa. Ka ba shi mai cokali biyu masu juyawa, fari, ya jefa ya naɗe kawai. Ƙyallin da girgizar su ke kiran kifin, don bas yana jin motsin ruwa ta wani layi da ke gefen jikinsa. Ko kuma Senko, wata tanar roba mai kauri, mai inci 5, a soke shi ta tsakiya ba dalma, ya nutse yana kaɗa kai da jela.

Alhajin Dalas:
Nailan talewa yake kamar roba, da laba 8 ba za ka huda bakin bas ta cikin tanar ba, kuma in ya shige ciyawa ya tsinke. Ka sa zaren fuloro, wanda ba ya talewa kamar nailan, mai laba 15, ko tufkakken zare mai laba 30. Injin nasa kuma lafiyarsa ƙalau, Injiniya. Ya ƙara matse maɓallin da ke gefen hannu har in ya saki koto ya sauka a hankali, kan zaren ya tsaya da zarar ya taɓa ƙasa, ya kai birkin injin kusan ƙarshe, kada ya yi jifa yana fuskantar iska. Senko a soke ta tsakiya a kududdufi mai ciyawa? Ƙugiya a buɗe, ai mun koma gidan jiya.

Maman Ilham:
Ku yi haƙuri in sa baki. Haka maigidana ya fara, da sanda ɗaya. Yanzu rabin garejinmu akwatunan roba ne, Asabar da Lahadi kafin yara su tashi ya fice. Abin da ya fi ci min rai, ya kama kifi ya ɗauki hoto ya mayar ruwa, ni kuma in je kanti in sayo karfasa daskararriya. Na ce masa ya tambayi malamai ma, a huda wa dabba baki don nishaɗi a sake ta, ni dai zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Baban Sadik, ka riƙa shawara da mahaifiyar yaron kafin ka ƙara kashe kuɗi.

Malama Hustabil:
Ni malamar firamare ce a nan. Yaro kifi yake so ya ji yana fizga a hannunsa, bai damu da sunansa ba. Akwai wasu ƙanana masu faɗi kamar karfasa, cike suke a kowane kududdufi, ƙaramar ƙugiya da guntun tana ta gaske sun isa, ko da rana tsaka suna ci. Ya kama biyar yau, gobe shi zai tashe ka. Sannan ka duba lasisinka: a ruwan gwamnati daga shekara 17 sai da shi, yaro bai buƙata, a cikin gandun shaƙatawa na jiha kuma babu mai buƙatar lasisi. Lasisin shekara yana ƙarewa ranar 31 ga Agusta.

Baban Sadik:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Malama, lasisi ina da shi. Amma ƙananan kifin nan ba su ya nuna min a hoto ba, bas ya ce, kuma bas na yi masa alkawari. Ba na so ya je cikin yara da abin da za su yi masa dariya. Maganar asuba kuma Alhaji, bayan awa takwas a tsaye idona ba ya buɗuwa, ina tsoron tuƙi da yaro a haka. Magariba kuma lokacin islamiyyarsa ne, ba zan taɓa wannan ba. Injiniya, injin nan shi kaɗai dala 130 ne, ba zan iya shiga gida da wani sabo ba, ni na san abin da ke ƙasa. Hajiya, mahaifiyarsa ta san komai, ita ma so take ta ga ya sake.

Na zazzage akwatin yanzu a kan tabarma, a cikin takwas ɗin akwai ɗaya ja mai ɗan gajeren leɓe, ban taɓa jefa shi ba. Ko in gwada shi ranar Asabar a lokacin da muka saba?

Alhajin Dalas:
Ja na ƙarshen hunturu ne, Fabrairu da Maris. Na gaya maka tanar roba da asuba. In ba za ka yi ba me ya sa ka tambaya?

Basarke Ɗan Yawuri:
Ƙanena, tono tana.

Baban Sadik:
Alhaji ba ƙin maganarka na yi ba wallahi. Wani a wurin aiki ya ce akwai kwaɗon roba da ake ja a saman ciyawa, ba ya maƙalewa ko kaɗan. Shi ma sai da asuba, ko yana yi da rana?