Musayar waƙa: Mewar ko Amber, wa ya iya riƙon sarauta?

Bakanon Dabo:
Salamu alaikum 'yan zaure. Yau Rajastan ta Indiya za mu, wajen sarakunan Rajput: masarautar Mewar, da ake ce wa sarkinta Rana, da ta Amber, da yadda kowacce ta yi da Akbar, sarkin daular Mughal. Ƙwar biyu, amsa-amo "ya". Mai ji da kansa ya shigo.

Da sunan Allah nake buɗe baituka,
Zan wa mazan Mewar kirarin gaskiya.
Chittor tana bisa dutse, ga ganuwa,
Gidan Sisodiya sun riƙe ta da zuciya.
Sau uku runduna ta zo ta kewaye,
Khalji, Bahadur Shah, da Akbar na baya.
Sau uku maza suka sa tufa rawaya,
Suka buɗe ƙofa, ba wanda ya waiwaya.

Bazazzagin Turunku:
Ka ji Bakano, komai ya samu sai talla,
Yau hajarsa mazan da suka sha wuya.
Sau uku an kewaye, sau uku an ci ta,
Yaushe faɗuwa ta zama abin tutiya?
Leƙa Amber ka ga Kachwaha masu hange,
Bharmal ya ba Akbar 'yarsa, aka zauna lafiya.
Jikansa Man Singh ya riƙe Kabul da Bengal,
Gida bai ƙone ba, ga mulki ga dukiya.

Bakanon Dabo:
A 1576, a Haldighati,
Wa Akbar ya aiko? Man Singh sarkin biyayya.
Rana Pratap bisa dokinsa Chetak ya tare shi,
Ya bar fagen, bai miƙa wuya ba ko ɗaya.
Ya shige duwatsun Aravalli da 'yan Bhil,
Har ya bar duniya kansa bai sunkuya.
Kai da ka iya lissafin sadaki, taubashi,
Nawa ne kuɗin rawanin da aka saya da ɗiya?

Uwar Biyu:
Kai! Allah ya ƙara basira ɗan Dabo. Kano tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka. Na Zariya a tattara allo a koma gida.

Malam Mai Aruli:
A dakata da tafi. Ɗangon "A 1576" a kan wane kari yake? Furta shi: alif ɗari biyar da saba'in da shida, gaɓa goma sha uku, Haldighati ma ba ta shigo ba. Kuma "bai sunkuya" ina "ba" ɗinsa? Ka yanke wa jimla wutsiya don amsa-amo.

Bakanon Dabo:
Allah gafarta Malam, lamunin waƙa ne, magabata ma sun yi. Ka duba na Bazazzagi, ɗangonsa na Bharmal ya fi layin mai tsawo.

Malam Mai Aruli:
Nasa ma gurgu ne, amma laifin wani ba ya wanke naka. Lamuni yana da iyaka.

Bazazzagin Turunku:
A fadar Rajput akwai Charan, maroƙansu,
Su wasa sarki, ya yanka musu gona sukutum ɗaya.
Kai ga ka kana ta wasa Rana tun hantsi,
Wa zai ba ka ko kunya guda ta gyaɗa, ɗan iya?
Tunda tarihi kake so, ƙarasa shi:
Amar Singh ɗan Pratap da Jahangir sun shirya.

A 1615 ke nan. Na sa shekarar a waje don kada Malam ya kama ni.

Ɗan Agadas:
Ni dai ina bayan Akbar, yaƙin Musulmi da arna ne ai.

Malam Mai Aruli:
Ba haka ba ne, ɗana. Man Singh da ya ja rundunar Akbar ɗan Hindu ne, Hakim Khan Sur kuwa Musulmi ne, a sahun Pratap ya yi yaƙi har ya mutu a fagen. Rigimar ta ƙasa ce da mubaya'a. Mu koma kan gaɓoɓin nan goma sha uku.

'Yar Damagaram:
Kwana biyu ina karanta ku. Na sauya amsa-amo, wanda ya ji haushi ya sha ruwa.

Kuna ta kirarin doki da takobi,
Ba wanda ya tuna waɗanda suka shiga wuta.
Kafin maza su buɗe ƙofar nan taku,
Jauhar ake yi, kowace da adonta.
Da Bahadur ya zo, Karnavati ta ja gaba,
Sarauniya ce, mata suna biye da ita.
Yayana Bakano, ka ƙirga mazan rawaya,
Ka ƙirga mini tokar da suka bari a bayanta.
Kai kuma na Zazzau mai yabon auren sulhu,
'Yar Bharmal ɗin, wa ya nemi ra'ayinta?

Uwar Biyu:
To fa! Na janye tafina, na koma bayan ƙanwata. Damagaram ta shanye ku duka.

Bazazzagin Turunku:
Ƙanwata, kin yi magana, ba ni da ja,
Amma wadda ta rayu ta fi wadda aka ƙona ta.
Ɗanta Jahangir ya hau gadon Akbar,
Jinin Amber ne ya gaji wannan sarauta.

'Yar Damagaram:
Ɗanta na tambaya, ko kuwa ita?

Bakanon Dabo:
Sulhun da kake ta ɗagawa, karanta sharaɗi,
Rana da kansa ba zai je fadar Mughal gaisuwa ba, ɗansa ya wakilta.
An mai da Chittor, sai dai ba gyaran ganuwa,
Amber ta taɓa samun sharaɗi irin nata?

Malam Mai Aruli:
Ɗango na biyun nan waƙa ce ko takardar kotu? Sake shi, sannan a ci gaba.