Neman Kalma: Me Za Mu Kira "Readiness" a Maganar Matasan Maikronesiya?

Mai fassara:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Wata kalma ce ta tsaya mini a wuya yau kwana uku, shi ya sa na kawo ta gabanku. Ina fassara wani bayani ne a kan matasan Maikronesiya mazauna Hawai da yadda ake shirya su domin shiga kwaleji, da kama aiki, da zama cikin jama'a, kuma kalmar da ta riƙe bayanin daga farkonsa har ƙarshensa ita ce "readiness". Masana ilimi a Amurka suna haɗa ta da kwaleji da aiki, musamman tun daga 2010 da aka fito da ma'aunin karatu na bai-ɗaya wanda jihohi da yawa suka ɗauka, sai jihar Hawai ta ƙara abu na uku, wato zama cikin al'umma.

Kafin in faɗi abin da na gwada, ya kamata in bayyana ko su wane ne waɗannan matasa, domin tela ba ya yanka yadi sai ya ga mai riga. Maikronesiya yanki ne na ƙananan tsibirai a yammacin tekun Fasifik. A cikinsa akwai Tarayyar Jihohin Maikronesiya mai jihohi huɗu, Yap da Chuuk da Pohnpei da Kosrae, da tsibirai 607, da mutane dubu ɗari da 'yan kai a ƙidayar 2010. Akwai kuma Tsibiran Mashal da Palau. Amurka ce ta riƙe waɗannan tsibirai amana a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya tun daga 1947, kuma da lokacin 'yancin kai ya yi sai suka ƙulla yarjejeniya da ita, wadda ta fara aiki a 1986 ga Tarayyar da Tsibiran Mashal, a 1994 kuma ga Palau. Amurka ta riƙe ikon tsaron yankin, su kuma mutanen tsibiran suka sami damar shiga Amurka ba tare da biza ba, su zauna, su yi aiki, su yi karatu. Ta wannan ƙofa ce dubban iyalai suka koma tsibirin Guwam da ke ƙarƙashin Amurka, da Hawai, har da garin Springdale na jihar Arkansas, inda mutanen Mashal da yawa ke aiki a masana'antun sarrafa kaji. 'Ya'yan waɗannan iyalai ake nufi.

Abin da ya fara zuwa bakina shi ne "shiri", amma kalmar ta ɗauki kaya da yawa. Akwai shirin rediyo, akwai shirin gwamnati, akwai kuma mutum biyu da ba sa shiri. Idan na rubuta "shirin shiga kwaleji", mai karatu zai ɗauka ina nufin wani tsari mai ofis da ma'aikata, irin Upward Bound, wanda gwamnatin Amurka ke ɗaukar nauyinsa tun shekarun 1960 domin 'ya'yan marasa ƙarfi. Shi ma yana cikin bayanin, kuma da "shiri" na fassara shi, don haka ba zan sa kalma ɗaya ta yi mini aiki biyu a shafi ɗaya ba. Na gwada "shiryuwa", sai na ji kamar ina wa'azi, domin Bahaushe idan ya ce yaro ya shiryu, yana nufin ya bar ɓata ne. Ina neman taimakonku.

Ɗalibi:

Wa'alaikumus salam, Yaya. Ni ƙarami ne a wannan fage, amma ina ganin kalmar tana kusa da mu, ita ce "guzuri", kuma hujjata daga tarihin mutanen ne kansu. Kakanninsu matuƙa jiragen ruwa ne da suka ratsa teku da sanin taurari da igiyar ruwa da tashin tsuntsaye. Mau Piailug, mutumin tsibirin Satawal a jihar Yap, wanda ya fara koyon wannan ilimi a wajen kakansa tun yana yaro, shi ne a 1976 ya jagoranci jirgin Hokule'a daga Hawai zuwa Tahiti, tafiyar fiye da kilomita 4,000 cikin kimanin wata guda, ba kamfas ba wata na'ura. Mai irin wannan tafiya ba ya barin gaɓa sai ya tanadi ruwan sha da abinci, ya kuma haddace mafitar taurari da mafaɗarsu. Yaron da zai bar Weno ta jihar Chuuk ko Majuro, babban birnin Tsibiran Mashal, ya nufi jami'a a Guwam ko Honolulu matafiyi ne irin wannan, shi ya sa ƙungiyoyi irin We Are Oceania, mai shirya taron matasan Maikronesiya a Honolulu, suke yawan misali da tuƙin jirgi idan za su yi wa yara magana. A ce "guzurin kwaleji", "guzurin aiki", "guzurin zama da jama'a". Kunnen Bahaushe ya saba da "guzurin lahira", saboda haka ba wanda zai ɗauka gari da ƙuliƙuli ake nufi.

Malamin Hausa:

Madalla da wannan ɗalibi, Allah ya ƙara basira. Kalmarsa tana da daɗin ji, kuma zan roƙi Malam mai fassara kada ya yar da ita, sai dai ba ita ce amsar tambayar ba. Guzuri abin da ke cikin jaka ne, kalmar da muke nema kuwa halin matafiyin take nunawa. Mutum yana iya cika jaka fal amma bai isa tafiyar ba.

Bari in kawo misali daga tsibiran. Kwalejin Maikronesiya, wadda babbar harabarta ke Palikir a Pohnpei, tana yi wa masu gama sakandare jarrabawar shiga, kuma sakamakonta ne ke raba su: wani ya wuce kai tsaye zuwa babban karatu, wani sai ya yi karatun share fage tukuna, wani kuma a nufe shi da kwas na shaidar sana'a. Abin da jarrabawar ke aunawa shi ne matsayin da yaron ya kai, ko zai iya karanta littafin kwaleji da Ingilishi ya gane, ko zai iya rubuta sakin layi mai ma'ana, ko lissafinsa ya tsaya. A gefe guda kuma akwai tallafin Pell, kuɗin da gwamnatin Amurka ke bai wa ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi ba a matsayin rance ba, wanda 'yan waɗannan ƙasashe uku suke da damar nema idan sun cike takardar neman tallafin da ake kira FAFSA. Wannan kam guzuri ne, ba ko tantama. To idan muka kira tallafin guzuri, muka kuma kira abin da jarrabawar ke aunawa guzuri, mun koma ramin da Malam ya guje wa a kan "shiri".

Shawarata ita ce mu duba aikatau ɗin "kintsa", wanda wasu ke furtawa "kimtsa". Uwa tana ce wa ɗanta ya kintsa su tafi, wato ya yi wanka, ya sa tufafi, ya tattara abin da zai ɗauka, ya tsaya a bakin ƙofa. Hausa tana da hanyar nuna cewa aiki ya ratsa abu har ya kai matuƙa, ta hanyar ƙarasa aikatau da wasalin "u": an dafa nama ya dafu, an gyara mota ta gyaru, an kintsa yaro ya kintsu. Daga nan za mu sami kalmomi uku daga saiwa ɗaya, kowace da gurbinta. "Kintsawa" ita ce aikin da iyaye da malamai da shirye-shirye irin Upward Bound ke yi. "Kintsuwa" ita ce halin da yaron ya kai, kuma ita nake ba da shawara ta zauna a gurbin kalmar Ingilishin. "Kintsattse" ko "kintsattsiya" kuma shi ne mai wannan hali. Abin da ya fi burge ni shi ne abu na ukun da Hawai ta ƙara. A Ingilishi liƙa shi aka yi daga baya, amma a Hausa yana cikin kalmar tun asali, domin idan aka ce yarinya kintsattsiya ce, ba kayanta ake yabo ba, natsuwarta da iya zamanta da mutane ake nufi.

Malama mai ritaya:

Malam, a gafarce ni, zan shigo da ja, kuma daidai wurin da ya burge ka nan ne ni ya tsorata ni. Na yi shekara talatin ina rubuta sakamakon yara, na san yadda kalma ɗaya a kan takarda ke bin yaro har gida. Ka gwada kalmarka a korewa ka ji. Idan aka ce yaro bai kintsu ba, ba malaminsa na Ingilishi aka zarga ba, uwarsa aka zaga. Kuma a irin wannan bayani korewar ce ta fi yawa, domin ba a kafa shiri saboda waɗanda suka riga suka kai.

Ku dubi su wane ne yaran. Yaron Chuuk ko Pohnpei ya tashi ne a gidan da dangi ke bin tsatson uwa, inda ƙarami ba ya ɗaga murya a gaban babba, inda a Chuuk mace ke rusunawa idan za ta wuce gaban ɗan'uwanta namiji. Wannan yaro ya shiga aji a Honolulu, malama ta yi tambaya, ya sunkuyar da kai ya yi shiru, sai ta rubuta cewa ba ya sa baki a darasi. Mu da muka san kunya ba sai an yi mana tafsirin wannan shirun ba. An yi rasuwa a dangi, zaman makoki ya ɗauki kwanaki, yaro yana can yana hidimar baƙi, makaranta tana lissafa masa fashi. A wajen mutanen Mashal akwai "kemem", bikin cikar jariri shekara ɗaya, wanda ke tara dangi kaf, kuma saurayin da ya fara aiki ya san albashinsa ba nasa ba ne shi kaɗai. A ma'aunin gidansu wannan yaro kintsattse ne na gaske. Abin da ya rage masa shi ne Ingilishi, wanda harshensa na biyu ne ko na uku, da sanin yadda ake cike takardu, da wanda zai nuna masa ƙofa.

Kada kuma mu manta mutane ne da suka sha kallon raini a Hawai, kuma dokar Amurka ta 1996 ta cire su daga tsarin kula da lafiya na Medicaid, ba a mayar da su ba sai a Disambar 2020. Wanda aka daɗe ana kallonsa a matsayin nauyi, bai kamata mu zo da Hausarmu mu ƙara masa tambarin rashin tarbiyya ba.

Malamin Hausa:

Hajiya, kin yi gaskiya, kuma na karɓi gyara, domin ni a tabbatarwa kawai na gwada kalmar. Amma ina ganin ciwon yana da magani ba sai an yanke ƙafa ba. Zagin yana fitowa ne idan kalmar ta tsaya ita kaɗai. "Bai kintsu ba" hukunci ne a kan mutum gaba ɗayansa, amma "kintsuwar shiga kwaleji" ta ɗaure maganar a kan abu ɗaya, kamar yadda "ƙwarewar tuƙi" ba ta ce komai a kan iya girkin mutum ba. Sharaɗin farko ke nan: kada a bar ta tsirara, kullum a haɗa ta da abin da aka kintsu dominsa. Na biyu kuma, a nan ne kalmar ɗalibinmu za ta yi mana rana. Duk inda bayanin ya zo da korewa, kada a ce yaron bai kintsu ba, a ce guzurinsa bai cika ba, sa'an nan a faɗi abin da ya rage, ko Ingilishi ne, ko lissafi, ko kuɗin makaranta. Jakar da ba ta cika ba ana iya tambayar wanda ya kamata ya cika ta, kuma tambayar za ta iya faɗawa kan makaranta ko gwamnati, ba kan uwa kaɗai ba.

Malama mai ritaya:

Da wannan sharaɗi na yarda da biyun farko. Na ukun ne har yanzu nake ɗari-ɗari da shi, domin idan aka ce "kintsuwar zama da jama'a" sai in tambaya, wace jama'ar? Yaron yana da biyu, ta cocinsu da danginsu, da kuma ta unguwa da wurin aiki da ofishin gwamnati. Ta farkon ya riga ya iya ta, sau da yawa ma ya fi mai auna shi iyawa. Ɗana mai fassara, duk inda bayanin ke nufin ta biyun, ka fito da ita fili, ka ce jama'ar da ya tarar.

Mai fassara:

Na gode, Mama, na gode, Malam, kai ma ƙanena Allah ya yi albarka. Ga yadda na tsayar: "kintsuwa" ga halin, a haɗe da abin da ta shafa; "kintsawa" ga aikin masu shirya yaran; "guzuri" ga abubuwan da ake tanadar musu, da kuma duk inda korewa ta zo; "shiri" kuma ya zauna a kan tsare-tsare masu ofis. Jimlar farko ta bayanin yanzu ta zama haka: "Manufar wannan shiri ita ce kintsa matasan Maikronesiya mazauna Hawai, a cika musu guzuri, har su kai ga kintsuwar shiga kwaleji, da kintsuwar kama aiki, da kintsuwar zama da jama'ar da suka tarar, ba tare da sun saki tasu ba."

Na karanta ta da ƙarfi sau biyu, na ji "kintsuwa" sau uku a jere ta yi wa harshe nauyi, don haka a sauran wurare zan ambace ta sau ɗaya in jero ukun a bayanta. "Kama aiki" kuma na bar shi ne na wucin gadi, domin kalmar "career" ta wuce samun aikin farko, kuma "sana'a" za ta sa a tuna ƙira da saƙa alhali yaran nan wasu aikin jinya suke nema, wasu koyarwa, wasu aikin jirgin ruwa da ake koyarwa a cibiyar Kwalejin Maikronesiya da ke Yap, da yawa kuma sojan Amurka suke shiga. Kalmar "career" ɗin nan zan kawo muku idan na isa shafi na huɗu.