Sana'ar kai abin sha wuraren biki: a wane gari take ci, kuma za ta yi a Damagaram?

Ɗan Garin Malam ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar sayar da abin sha. A Zinder nake zaune, na tara ɗan jari ta hanyar adashe, kuma niyyata ita ce in sayi babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, in sa mai walda ya ɗora masa kanta da rumfa, in riƙa kai abin sha mai sanyi wuraren ɗaurin aure da suna da walima. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda a Amurka da Ingila wasu ke gyara tsohuwar tirelar dawaki ko ƙaramar mota su mayar da ita wurin shaye-shaye na tafi-da-gidanka, masu biki kuma su ɗauke su haya. Su giya suke zubawa, mu kuwa ba ruwanmu da ita. Abin da nake nufi shi ne zoɓo da kunun aya da ruwan citta da na tsamiya da fura da nono, a zuba wa baƙi a kofi mai tsabta maimakon a riƙa raba ƙulli a leda.

Tambayata kashi biyu ce. A wane gari wannan sana'a ta fi ci a ƙasarmu Nijar, kuma Zinder na cikin wuraren da za ta iya riƙe mutum da iyalinsa? Sannan wanne ya fi, in riƙa bin tashoshi da kasuwanni kullum, ko in tsaya a kan bukukuwa kawai? Allah ya saka wa duk wanda ya ba da lokacinsa.

Hajiya Mai Abincin Biki ta amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na daɗe ina dafa abincin biki a cikin Birni, tsohuwar unguwar Zinder, saboda haka zan gaya maka abin da nake gani da idona. Kafin ka yi maganar babur, fara yin maganar ruwa da ƙanƙara, domin su ne sana'ar, sauran duk ado ne. Kowa ya san garinmu a kan dutse yake zaune, ruwan famfonmu daga nesa ake jawo shi, daga wajen Gogo da Machaya da Arunguza, kuma daga watan Maris zuwa Mayu, daidai lokacin da mutane suka fi neman abu mai sanyi, akwai unguwannin da famfo ba ya kawo ruwa sai tsakar dare, in ma ya kawo. A wannan lokaci 'yan garuwa ke ƙara kuɗi, kai kuma ruwan da za ka wanke kofuna da robobi da shi ya fi wanda za ka dafa zoɓo da shi yawa. Wanda bai sa wannan a lissafinsa ba, zai ga ciniki yana tafiya amma aljihu babu komai.

Ƙanƙara kuma tana bin wutar lantarki ne. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, aka shiga rabon wuta unguwa-unguwa har sai da aka ɗage takunkumi a farkon 2024. A watannin nan mata da yawa masu ƙulla zoɓo sun ajiye sana'ar, domin firjin da ba ya samun wuta a jere ba ya daskarar da komai.

Ka kuma san halin kowane abin sha. Zoɓo yana da haƙuri, in an dafa shi da citta da kanumfari an sa shi cikin sanyi, zai kwana lafiya. Kunun aya ba haka yake ba. Za ka jiƙa aya tun dare, ka wanke ta ka tsince tsakuwa, ka kai inji a markaɗa da dabino da kwakwa, ka tace da ƙyalle mai laushi, amma idan ya bar sanyi na 'yan sa'o'i a cikin zafin bazara sai ka ji ya fara tsami, ka ga roba ta kumbura. Ranar da aka ce ɗaurin aure da safe, yinin mata kuma sai bayan la'asar, dole ne ka raba aikin biyu, kada ka haɗa shi duka da asuba.

Game da tambayarka ta biyu, ni biki nake ba ka shawara. Gaskiya ne yawancin gidaje su ke haɗa zoɓonsu da kansu, amma duk uwar amarya ta san wahalar da ke ciki: neman aron kula daga maƙwabta, aiken yara sayen ƙanƙara da rana tsaka, ƙulla leda har yatsu su yi ja. Wannan wahalar ce za ka ɗauke mata, kuma ita za ta biya. Sai dai kada ka taɓa ɗora tukunya ba ka karɓi kuɗin kafin alƙalami ba, aƙalla abin da zai sayi kayan haɗi da ƙanƙara, domin bayan an watse biki neman cikon kuɗi yana da wuya ko a wurin mutanen kirki.

Alhaji Na Kan Hanya ya amsa:

Hajiya ta gama magana a kan aikin kansa. Ni fatauci nake yi tsakanin garuruwa, don haka zan taɓa ɓangaren wurare.

Yamai ce kan gaba, kuma ba yawan jama'a kaɗai ya sa ba. Can ne ma'aikatu da ofisoshin ƙungiyoyi suke, can ake yawan taruka da bita, kuma masu albashi sun saba kama zauren biki su miƙa wa wani hidimar ci da sha gaba ɗaya. Ruwa ma bai kai namu wuya ba tunda ga kogin Kwara. Amma wanda ya je can baƙo zai tarar an riga shi, ga tsadar haya, kuma sana'ar biki sana'a ce ta sanayya.

Maraɗi ce nake ganin ta fi dacewa da irin tsarin da kake so. A yankinta ake noma mafi yawan ayar ƙasar nan, wajen Agye da Madarunfa, saboda haka kayan haɗi na zuwa da sauƙi. Gari ne na 'yan kasuwa masu son fita kunyar baƙi, kuma duk salon biki da ya fito a Kano ko Katsina ba ya daɗewa bai ƙetaro ta Jibiya da Ɗan Isa ba. Illarta ita ce lemun kwalba da na roba da ake shigowa da su daga Najeriya, waɗanda faɗuwar darajar naira ta sa suka yi araha a kuɗinmu, har mai biki ya ga gara ya sayi katan-katan ya huta. Wannan matsalar ta shafe mu a nan ma, tunda kaya na shigowa ta Magarya da Matamai.

Agadas akwai zafi akwai kuɗi, musamman tun da aka fara haƙar zinariya a arewa, amma kusan komai sai an ɗauko shi daga kudu, kuma mutanen can shayi ne abin karɓar baƙonsu. Tawa tana motsi ne idan 'yan ci-rani sun dawo gida aka shiga aure-aure. Diffa kuwa ba zan tura mai sabon jari ba, domin tun dokar ta-ɓaci ta 2015 an sha taƙaita zirga-zirgar babura a yankin, sana'arka kuma a kan babur take.

Zinder tana tsakiya. Ba mu kai Maraɗi sakin hannu ba, amma muna da jama'a, muna da ɗalibai da malaman Jami'ar André Salifou, da ma'aikatan matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011, da sojoji da ma'aikatan gwamnati, kuma irin waɗannan su ne ke fara karɓar sabon abu. A nan nake ɗan saɓa wa Hajiya: kada ka raina kasuwa. Biki ba kullum ba ne, babur kuwa kullum yana tsufa ko ya fita ko bai fita ba. Ranar Alhamis da kasuwar Zinder ke ci, da ranar Lahadi a Mirya, da bakin tashoshin manyan motocin Yamai da Agadas, duk wurare ne da mai abin sha mai sanyi ba ya dawowa da saura a lokacin zafi. Ga hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, ga kokowar takobi, gasar kokowa ta ƙasa, idan zagayen ya zo kanmu. Wanda ya ga yadda garin nan ya cika a bikin Zinder Sabuwa, wato bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba 2018, ya san abin da taro ke kawowa.

Mai Lissafi ya amsa:

Malam, ina so ka lura da wani abu game da misalin Amurka da ka kawo. A jihohi da yawa na can, lasisin sayar da giya yana rataye ne da wurin da ke zaune a gini, shi ya sa da yawa daga masu irin waɗannan motoci ba sa sayar da abin shan ko kaɗan. Mai biki ne ke sayen kayansa, su kuma a biya su ladan mota da ƙanƙara da kofuna da ma'aikata. Wannan tsarin shi ne ya fi cancanta ka ɗauko, fiye da fentin motar. Idan mai biki ya ce ya riga ya sayi lemunsa na kwalba mai araha, kamar yadda Alhaji ya ambata, ba ka rasa aiki ba: ka karɓi kwangilar sanyaya shi da rarraba shi da kwashe shara, ka ƙara da zoɓo ko kunun aya kaɗan don a ɗanɗana hannunka.

Ribar ƙullin sefa 25 ko 50 a bakin titi ƙarama ce ƙwarai, sai ka sayar da ɗaruruwa kafin ka mayar da kuɗin man babur da ƙanƙarar da ta narke. Saboda haka ni a ganina babur ne abu na ƙarshe da za ka saya. Fara da firji mai daskarewa, in hali ya yi ka haɗa shi da faranti mai amfani da hasken rana da batir, sai manyan kuloli masu riƙe sanyi, da tebur mai naɗewa, da tankin ajiye ruwa a gida. Ranar aiki ka ɗauki shatar adaidaita. Wanda ke da ƙanƙarar kansa a Zinder a watan Afrilu, ko bai samu biki ba zai sayar da ita.

Akwai kuma lissafin lokaci. Daga Disamba zuwa Fabrairu, da hunturu ya sauka, cinikin abin sanyi yana mutuwa, kuma a lokacin ne ake yawan aure saboda an gama kaka akwai hatsi da kuɗi a hannu. Dole ne kantarka ta iya juyawa zuwa shayi da kunun gyaɗa da kunun tsamiya mai zafi. Azumi ma, wanda masu zoɓo da ƙanƙara suka saba dogara da shi, yana matsowa baya da kusan kwana 11 kowace shekara. Ya riga ya bar tsakiyar bazara, kuma a shekarun da ke tafe cikin sanyi zai riƙa faɗowa. Kada ka gina lissafinka a kan cinikin azumin shekarun baya.

Ma'aikaciyar Lafiya ta amsa:

Ni roƙo ɗaya nake da shi. Ƙanƙarar da za ta shiga cikin abin sha kai tsaye, ka tabbata da ruwa mai tsabta aka yi ta, wadda ka saya a hanya kuwa a jikin roba kawai za ta tsaya. Da damina muna karɓar masu gudawa da amai da yawa, kuma taron biki wuri ne da tukunya ɗaya ke iya kwantar da gidaje masu yawa a dare ɗaya. A daina hura leda da baki, a tanadi ruwa da sabulu na wanke hannu a gefen kanta, kuma a ware robar da ba a sa sukari ba saboda dattawa masu ciwon sukari. Ka je ofishin magajin gari ka yi rajista ka biya abin da ake biya, ka kuma nemi jami'an tsabta su duba wurin da kake haɗawa tun kafin su zo da kansu.

Ɗan Garin Malam ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Na fahimci cewa firji da ruwa ne farko, babur daga baya, kuma zan haɗa biki da ranakun kasuwa. Hajiya, saura abu ɗaya: ta wace hanya zan samu bikin farko, tunda ba wanda ya san ni a wannan harka?

Hajiya Mai Abincin Biki ta amsa:

Ɗana, ta hannun mata za ka same shi. Maza suna taruwa a ƙofar gida ne na ɗan lokaci, a shafa fatiha a raba goro da dabino a watse, amma yinin biki na mata ne, a cikin gida ake yinsa, kuma su ke yanke shawarar abin da za a ci da abin da za a sha. Kai namiji ba za ka shiga tsakar gida ka tsaya a bayan tebur ba, balle a lungunan Birni inda ko babur ɗin ba zai wuce ba. Saboda haka ka nemi mace biyu masu tsabta da fara'a, matarka ko ƙannenka in akwai, ka ɗinka musu kaya iri ɗaya, su ne za su zuba su miƙa, kai kuma kana waje kana kula da ƙanƙara da ɗauko ƙari.

Ka je wurin masu dafa abincin biki da masu ƙunshi da masu ba da hayar kujeru da rumfa, domin su ke fara jin ranar da aka sa. Ka kai musu ɗanɗano a roba mai sanyi, ka yi musu alkawarin wani abu a kan duk aikin da suka kawo maka, ka kuma cika. Bikin farko ka nemi na dangi ko na maƙwabta, ka karɓi kuɗin kaya kawai, ka ɗauki hoto mai kyau ka sa matan gidan su tura a zaurukansu na WhatsApp. Ka shirya kafin watan Sha'aban, domin a nan ne ake rububin ɗaura aure kafin azumi, kuma a makonnin nan mu kanmu muna mayar da aiki saboda ya fi ƙarfinmu.